Malmon da Ya Ƙwace Mini Baba

Yau jikata ta shigo da baki baƙi ƙirin da 'ya'yan malmo, sai na ji tsohon haushina ya taso sabo fil.

Mahaifinmu ne ya ciro dashen malmon nan daga kurmin bakin rafi a Ruma, ya kawo shi garkarmu ta Babban Duhu cikin fasasshen tulu. Itacen damshi ne, ba ya son tudu, don haka gugan farko na kowace safiya nasa ne. A gindinsa Baba yake alwala don kada ɗigo ya tafi a banza. Ni ne autan gida, amma ban taɓa samun shafar da ganyen nan mai sheƙi yake samu ba.

Shekarar da mahayan Maraɗi suka kore mu zuwa cikin ganuwar birni, da rani tsaka, sai ga Baba ya saɓa tulu zai koma garka. Na riƙe masa riga ina kuka.

"Baba, ni ko itace?"

Ya ɓamɓare yatsuna a hankali, hannunsa na ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. "Kai kana da ƙafar gudu, Auta. Shi fa?"

Ya tafi, ya dawo lafiya. Ni dai ban huce ba.

Ga shi na yi furfura, amma masu wucewa ba sa cewa ga ɗansa, sai dai ga malmonsa. Allah ya jiƙan Baba, ya ba shi inuwar Aljanna. In mun tarar da shi can, ya Allah, a fara shayar da ni kafin malmon.