Likitar Ɓeraye

A gidanmu ba wanda yake kiran yayarmu da sunanta. Mu ƙannenta Yaya muke cewa, Mama kuwa har yayar ta yi furfura "yarinyar nan" take ce mata. Sauran dangi, tun da suka gane cewa Daktar da ke gaban sunanta ba ta duba marasa lafiya ba ce, suka laƙaba mata Likitar Ɓeraye. Kawunmu ne ya fara. Duk sanda ya gan ta sai ya ce, "Ɓeran kicin ɗinmu fa yana tari, mu kawo shi?" Ita kuma ta ce, "Ku kawo shi, Kawu, amma ya zo da katinsa."

Babanmu makanike ne. Salansar mota ta ƙona shi a ƙwauri tun muna ƙanana, ƙunar ta zama gyambo, gyambon ya ƙi warkewa shekara da shekaru. Yaya ce take wanke masa idan ta dawo daga makaranta. Daga baya bakin ciwon ya kumbura ya yi tauri, asibiti suka ce ya zama ciwon daji. Aka yanke ƙafar, amma ciwon ya riga ya wuce wurin. Bayan rasuwarsa Yaya ta koma wajen likitan ta tambaye shi yadda ƙuna take zama daji. Ya ce mata, "Yakan faru." Ta dawo gida ta ce amsar nan ba ta ishe ta ba.

Tambayar nan ta bi har jami'a, ta bi ta har cibiyar binciken da ta yi aiki a cikinta duk tsawon rayuwarta. Ni tela ce, shagona ba nisa da wurin, don haka nakan kai mata abincin rana. Ɗakinta yana hawa na sama, ƙarshen wata doguwar baranda mai warin maganin wanke ƙasa. Ciki akwai sanyi kullum, da ƙugin firiza wanda ba ya tsayawa. A cikin wani akwati mai ɗumi take ajiye ƙananan faranta na roba, kowanne da ruwa ja-ja, ta ce ƙwayoyin jikin mutum ne a ciki, kuma sai an canja musu ruwan kamar yadda ake ba jariri nono. Ɓerayen gwajinta suna hawa na ƙasa, farare tas, cikin kejoji masu dusar katako. Ni na riƙa ƙara wa fararen rigunanta aljihu, don ba ta rabuwa da alƙaluma.

Wata rana Mama ta ce ta gaya mata aikin nan da bakin da za ta gane. Yaya ta ce, "Mama, idan kika yanke, wurin yakan yi ja, ya kumbura, ya yi zafi, ko? Jiki ne yake kiran sojojinsa. Idan sun gama aiki ya kamata a sallame su. A jikin wasu kiran ba ya tsayawa, sojojin su yi ta zuwa suna ɓarna, ƙarin daji ya samu wurin zama ya riƙa cin abincin da ake kawo musu. Ni mai kai saƙon nake nema."

Mama ta ce, "In kin same shi fa?"

"In rufe masa baki."

Ta same shi, bayan kusan shekara ashirin. Wani sinadari ne da ƙwayoyin jiki suke fitarwa, mai dogon suna wanda ban taɓa iya faɗa ba. Idan ta toshe shi a jikin ɓera, ƙarin sai ya daina girma, wani ma ya motse. Aka buga aikin, aka gayyace ta ƙasashe, mijinta, wanda malamin lissafi ne, ya riƙa yanko hotunanta yana mannawa a jikin firiji. Wani kamfani ya haɗa magani a kan abin da ta gano, aka fara gwada shi a kan marasa lafiya a asibitoci masu nisa. A shekarun nan Yaya ta yi ƙiba, tana dariya da ƙarfi, har Kawu ya fara cewa ashe ɓerayen sun biya kuɗin asibiti.

Ina ɗakin ranar da aka kira ta. Na ajiye kwanon abinci ke nan wayarta ta yi ƙara. Ta cire safar hannu ɗaya ta ɗauka. Ta daɗe tana saurare. Abin da na ji ta ce kawai, "Mutum nawa?" sai kuma, "To. Na gode." Ta ajiye wayar, ta sa sabuwar safa, ta ci gaba da canja wa farantanta ruwa.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ta ce, "An tsayar da gwajin. Maganin yana rage ƙari, amma yana karya garkuwar jiki. Wasu sun kamu da ciwon huhu. Wasu sun rasu." Ta ɗaga farantin ta duba shi a hasken taga. "Miƙo min waccan kwalbar."

Na miƙa mata. Ta gama aikinta, ta wanke hannu, ta cinye abincin duka.

Mun zaci kukan zai zo daga baya. Bai zo ba. Ta ci gaba da fita aiki a kan lokaci, tana gaisawa da kowa, tana amsa tambayar da aka yi mata daidai tsawonta. Mijinta ya ce min ya taɓa mantawa bai sa sukari a shayinta ba, ta shanye haka nan. Washegari da gangan ya zuba sukarin da yawa, shi ma ta shanye. Ya cire hotunan daga jikin firiji don kada su dame ta. Ba ta lura ba.

Mama ta sa aka kira ta. Ta zaunar da ita a bakin gado ta ce, "Ke kika kashe mutanen nan?"

"A'a, Mama. Ba ni na ba su ba. An gaya musu haɗarin, kuma ciwonsu ya riga ya yi nisa."

"To me ya hana ki magana?"

"Ba abin da ya hana ni. Ina nema in ji wani abu ne, ba na ji."

Ta ce ta roƙi a gaya mata su wane ne suka rasu, aka ce doka ta hana. Lamba kawai ake ba ta, da shekaru, da nauyin jiki. Don haka wani lokaci takan bar ɗakinta da rana ta tafi babban asibiti, ta zauna a benci tare da masu jiran ganin likitan daji. Na raka ta sau ɗaya. Ta zauna da jaka a cinya tana kallon mutane. Wata mata mai ɗankwali a kan kai marar gashi ta tambaye ta ko ita ma layi take bi. Yaya ta ce a'a. Matar ta ce to don Allah ta riƙe mata wuri za ta zaga. Yaya ta ɗora hannu a kan bencin har matar ta dawo, sannan ta ce min mu tafi.

Ba ta bar aikin ba. Ta raba ɓerayen ga wasu masu bincike, ta koma kan jinin marasa lafiyar da aka yi gwajin da su, wanda ke ajiye a firiza. Tambayarta ta zama ƙarama: me ya sa wasu kaɗan maganin ya yi musu amfani bai taɓa huhunsu ba? A kan wannan ta ƙare shekarunta. Ba ta samu cikakkiyar amsa ba, amma ta nuna cewa yawan sinadarin nan a jini yana iya nuna wanda ciwonsa zai dawo da wuri. Ɗalibanta suka ɗora daga nan. Yanzu an ce wasu likitoci suna auna shi kafin su zaɓa wa mutum magani.

Da za ta yi ritaya cibiyar ta shirya mata taro. Aka yi jawabai, ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibanta, wadda yanzu farfesa ce, ta yi kuka a gaban mutane. Aka miƙa wa Yaya lasifika. Ta gode wa kowa, ta tuna musu cewa ƙofar firizar tsakiya ba ta rufuwa sosai sai an danna ta da gwiwa, ta zauna.

A mota, mijinta yana tuƙi, na juya na ce, "Yaya, yau dai kin ji daɗi ko?"

 Ta ce, "Sun yi ƙoƙari."

Yanzu tana gida. Kullum da hantsi takan zo shagona ta zauna a kujerar kusa da ƙofa. Na koya mata ɗinka maɓalli, kuma hannunta ya fi na kowa a shagon daidaito. Masu kawo ɗinki ba su san ko wace ce ba, ita ma ba ta faɗa. Jiya wata ta kawo rigar makarantar 'yarta, maɓallai biyu sun ɓace. Yaya ta zazzage gwangwanin maɓallai a kan tebur, ta zauna tana tsintar masu kama da sauran har ta samu.