Rayuwar Fasto Filibus Sambo, Wanda Ya Daina Cin Albasa

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Fasto Filibus Sambo a shekarar 1961 a Tungar Gamji, wani ƙauye na ƙasar Maradun wanda a yau ba a zuwa sai da kwale-kwale, in an je ma ba a iske shi. Mahaifinsa Sambo manomi ne, mahaifiyarsa Inno kuwa masaƙiyar tabarma ce. Zuriyarsu ta rabu biyu tun zamanin kakanni: wasu suka bi masallaci, wasu kuma, ta dalilin asibitin mishan da ya yi wa kakansu maganin kuturta, suka bi majami'a. Rijiya dai guda suka ci gaba da sha. Filibus ya tashi tare da ɗan baffansa Sallau, Musulmi, wanda ya zama abokin gardamarsa har ƙarshen rayuwa.

Karatunsa da zuwan ruwa

Ya yi firamare a Maradun, ya yi sakandare a Talata Mafara. A shekarar 1977 mahaifinsa ya rasu, aka binne shi a tudun bayan gari, gindin wani gamji, bisa al'ada, domin kada ruwa ya taɓa shi. Ba a jima ba ruwan madatsar Bakolori ya taso a hankali, ya shanye gonaki, ya shiga ɗakuna, ya hau tudun.

Tun daga lokacin Filibus ya riƙa yin mafarki iri guda. Yakan ga ƙauyen lafiya lau a ƙarƙashin ruwa, kifaye na shiga zaure suna fita, hayaƙin girki na tashi ba ya watsewa, mahaifinsa kuma zaune gindin gamji yana jiran wanda zai zo gaishe shi. Kowane rani, in ruwa ya ja baya, yakan ɗauki masunci ya kai shi saitin kabarin. Masuntan mutanen kirki ne, ba sa barin baƙo ya koma da ɓacin rai, saboda haka kowannensu yakan nuna masa wuri dabam. A cikin 'yan shekaru marigayi Sambo ya yi ƙaurar da bai taɓa yi ba yana raye. Abin da Filibus ya nema a duniya daga nan bai wuce kabarin da za a iya nunawa da yatsa ba.

Aiki da iyali

A shekarar 1983 ya kama aikin malamin gona a filayen noman rani na Bakolori, watau ya shiga hidimar ruwan da ya cinye garinsu, kuma ya yi ta da amana. Ya shahara wajen albasa, har manoman Bakura da Damri na zuwa kallon fangalinsa. A shekarar 1986 ya auri Rahila, ma'aikaciyar jinya, mace mai ƙarancin magana da yawan dariya. Allah ya ba su Istifanus, da Tabita, da Ayuba. A shekarar 1992 ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki a Filato, aka naɗa shi fasto.

Tafiyarsa ƙetaren teku

A shekarar 1998 wata ƙungiyar masu bishara ta nemi fasto masanin noma domin tasharta da ke wani tsibiri a tekun Pasifik. Filibus ya amsa kiran, ya shirya tafiya tare da Rahila da 'ya'yansu. Sallau ya raka shi tashar mota yana cewa, “Kai da ba ka iya iyo ba, mi ka kai ka tsakiyar ruwa? Wanda ya ci gidanku bai ishe ka ba?”

Tashar tana da asibiti, da makaranta, da majami'a, da 'yan mishan daga ƙasashe daban-daban. Maƙwabtansu wani ƙauye ne da ya ƙi karɓar bishara amma yake karɓar allura, ana zaman da ba na faɗa ba, ba kuma na so ba. A wasiƙunsa Filibus ya ce ruwan sama a can yana sauka ba tare da an roƙe shi ba, kuma gajimare kan kwana a kan itatuwa kamar balbelu.

Tsakanin tashar da ƙauyen akwai wata fadama a bakin rafi, baƙar ƙasa mai taushi, ba kowa a cikinta sai wasu tsirrai masu jan ganye. Mutumin Bakolori ba ya iya ganin fadama kwance ya yi barci. Bai tambayi kowa ba, domin a iya saninsa ba a binne mutum a fadama, abokan aikinsa da suka san wani abu game da wurin kuwa sun daɗe da sa shi cikin camfin da bai cancanci a ambata ba. A shekarar 2001 ya sare jan ganyen, ya ja fangali, ya dasa irin albasar da ya zo da shi daga gida. Mutanen ƙauyen ba sa taka wurin sai ranar ziyara ta shekara, saboda haka ba wanda ya gani.

Albasar ta yi girman da bai taɓa gani ba. Bisa tarbiyyar gida, ya cika kwando da ta fari ya aika wa dattawan ƙauyen. Suka ci, suka yaba, sannan suka aiko a tambaye shi inda ya noma ta. Fadamar makabartarsu ce, kowane jan ganye kuma mutum ne da sunansa.

Fitina da sulhu

Ranar wata Lahadi da hantsi, a watan Maris na 2002, mazan ƙauyen suka faɗa wa tashar da adduna da wuta. Suka ƙone majami'a da makaranta, suka kashe wani malami ɗan mishan a bakin ajin karatun Lahadi. Rahila ta samu sara a wuya tana fitar da majinyata, ta cika kafin jirgin agaji ya iso. Rahoton ƙungiyar ya kira al'amarin rashin fahimtar al'ada.

'Yan sanda suka taho da niyyar ƙone ƙauyen, suka nemi Filibus ya nuna masu laifi. Ya ce musu ya san mutum guda, shi ne kuma yake tsaye gabansu. Kafin a yi jana'iza dattawan suka zo da sharaɗin sulhu: a binne Rahila a fadamar, cikin matattunsu, domin wanda nasa ke kwance a wuri ba ya sake kai masa fartanya. 'Yan mishan suka ƙi, suka ce makabartar arna ce. Filibus ya yarda. Da hannunsa ya dasa mata jan ganye, a tsakiyar fangalin da ya ja.

Dawowarsa gida

A shekarar 2003 aka sallame shi da takardar yabo. Ya zauna a Talata Mafara yana kiwon wata ƙaramar ikilisiya. Ya taho da reshen jan ganyen, ya dasa a tukunya, zafin Mafara ya kashe shi. Bai sake cin albasa ba, abin da a wannan gari ya fi azumi wuya. Sallau kan tsokane shi a kasuwa: “Fasto, a zuba maka ta goma? Wagga a tudu anka noma ta, na rantse!” Shi kuwa sai ya yi murmushi.

Ya daina ɗaukar masunta. Ya gaya wa 'ya'yansa cewa mafarkin ya sauya: yanzu gamjin yana tsaye a bakin rafin tsibirin, Rahila na zuba wa mahaifinsa ruwan wanke hannu, su biyun suna hira ba sa neman kowa.

Rasuwarsa

Fasto Filibus Sambo ya rasu ranar 9 ga Nuwamba, 2022, bayan gajeriyar jinya. Wasiyyarsa guda ce, a sa shi inda za a iya nunawa. Sallau ya ba da kusurwar gonarsa ta tudu kusa da Janbako, ya ce, “In ruwa ya hau nan, to duniya ta tashi, kowa ya ga nashi.” A can aka binne shi, aka kafa dutse.

Saboda halin da hanyar ke ciki na 'yan bindiga, iyalinsa ba su cika samun zuwa ba. Sallau ne ke zuwa. Ba ya yi masa addu'a, domin malamai sun ce ba a yi. Yakan dai cire ciyawa, ya zauna, ya ba shi labarin yadda albasa ta yi bana.

Ya bar 'ya'ya uku: Istifanus, malamin makaranta a Gusau, Ayuba, direba a Sakkwato, da Tabita, ma'aikaciyar jinya, wadda ta koma tsibirin a shekarar 2015. Ranar ziyara takan bi mutanen ƙauyen zuwa fadama, ta wuce jajayen ganye masu yawa ba tare da ta tambayi kowa ba, ta tsaya daidai kan na mahaifiyarta.