Kananzir a Robar Lemo

Ban san wanda ya fara koya wa matan Tudun Wada zuba kananzir a robar lemo ba, amma ko wane ne, har yau ina jin haushinsa. Ni ma ina cikinsu, ba sai wani ya tona ni ba. A cikin robar ce mai sayar da kananzir yake auna miki, ke kuma ki kawo gida ki dire gefen risho, sai ka ce yaro ya san bambanci.

Ina wanki a tsakar gida na ji tarin 'yata, wadda a lokacin shekararta uku. Na same ta a kicin, roba a hannu, bakinta na warin kananzir. Ihu ɗaya na yi, gida ya cika da maƙwabta. Abin takaici, duk wadda ta shigo ta zama likita. Wannan ta ce madara, waccan ta ce ruwan gishiri. Inna, uwar mijina, ba ta ma tsaya jin shawara ba, ta ɗauko kwalbar manja.

"Ke, riƙe mini hannuwanta! Manja ke kashe dafi, haka muka taso muka gani."

Na riƙe. Ta ɗura mata cokali uku, ta zura mata yatsa a maƙogwaro, yarinya ta yi ta kwara amai. Mata suka ce alhamdu lillahi, ya fita. Ni kuwa ƙirjinta nake kallo, numfashi na neman gagararta. Na saɓe ta ko mayafin kirki babu, na tare mai keke Napep, muka nufi asibiti.

Likitar da ta duba ta ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Maman yarinya, da kun kawo ta kai tsaye, da abin ya zo da sauƙi. Aman nan ne ya tura mata kananzir cikin huhu."

Kwana biyar muka yi, da robar iska a hancinta, ina zaune ina ƙirga numfashinta. Duk mai zuwa dubiya kuma sai Inna ta tare shi da labari: ba don manjan nan ba, da yanzu wani zancen ake yi. Na daure, na daure, ranar sallama na kasa.

"Inna, likita fa ta ce aman ne ya kusa kashe ta."

"Yo likita ai ba ta rasa abin faɗa," in ji ta, ta ci gaba da jan carbinta.

Yarinya ta warke, yanzu har ta shiga firamare. Amma ko a gidan biki aka miƙa mata lemo, ba ta kai shi baki. Sai ta ratso mutane ta same ni, ta miƙo mini.

"Umma, fara sha tukuna."