Na je ɗauko Rahinatu goyon ciki

Ana sallame sallar asuba muka bar Zangon Kumasi, ni da maƙwabciyata mai tuyar ƙosai. Matan layinmu, kun dame ni da tambayar yadda tafiyar ta kasance. Ga shi, sau ɗaya zan faɗa.

Wadda ba ta sani ba ta sani. Rahinatu 'yar ƙanwata ce. Uwarta ta mutu da naƙudar ciki na biyu a kan bencin wani asibiti, tana jiran a kira ta. Ba ta jin Turanci, yaren Asante ma kaɗan take ji, ba wanda ya tsaya ya saurare ta. Ni na wanke ta, don aikina ke nan, wankan gawar mata. Ni na riƙe yarinyar. Ta yi kayayo a kasuwar Kejetia, dako da kwano a ka, safe makaranta yamma kasuwa, har gashin tsakar kanta ya ƙare. Ta faɗi jarrabawa, ta sake, ta ci. Ta zama ungozomar asibiti. Da aka zo raba wuraren aiki kowa na neman birni, ita ta nemi wani ƙauye can bayan Walewale. Can ta auri malamin makaranta. Yanzu cikinta na fari ya tsufa, kuma kun san haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Na aika, ta ce aiki. Na sake aikawa, ta ce aiki. Sai na ɗaura zane.

Kuɗin mota ya hau har na tambayi mai yankan tikiti ko da abinci ake bayarwa. Ya ce, "Mma, je ki tambayi gidan mai." Muka shiga. Techiman doya tuli a bakin titi, amma tsada kamar a Kumasi. A Kintampo aka tsaya, muka sayi soyayyar doya da yaji. Abokiyar tafiyata ta cinye tata ta ci rabin tawa, wai mota tana juya mata ciki in babu komai a ciki. Daga nan itatuwa suka fara gajarta. Mun wuce wata bas da ta ƙone a gefen hanya, ciyawa ta fito ta tagoginta. A gadar Buipe mata suka yi ca a kan motar da bandar kifi. Na sayi kaɗan don mai ciki.

Tamale babura ne, har tsofaffi irina suna tuƙawa. Muka kwana a Walewale gidan wani ɗan garinmu mai albasa. Da safe muka hau motokin, keken nan mai ƙafa uku da ake ɗaukar buhuna, mu da awaki biyu. Kwalta ta ƙare. Damina ce, hanya ta zama kunu. Inda ya kafe mu sauka mu tura. Daga ƙarshe sai kogi, ja, cike, babu gada. Kwalekwale. Abokiyata ta karanta duk surorin da ta iya, har da waɗanda ba ta iya ba. A ɗaya gaɓar 'yan mata ne tsaye da ƙunshin kaya, suna jiran a tsallakar da su. Kumasi za su, kayayo. Na san kallon.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Gadon haihuwa ɗaya. Rahinatu ta fito, ƙafafu kumbure, ta yi ƙoƙarin durƙusawa ta kasa.

"Mma, sannu da hanya. Kin rame."

"Ke kin kumbura. Haɗa kayanki."

Ta yi dariya, ta sa aka kawo mana tuwon zafi da miyar ayoyo. Na zauna a baranda ina kallon aikinta. Ta koyi yarensu, na Mamprusi. Wadda ta fi jin jiki ita ke fara shiga, ko wacece. Na ga matar mai unguwa da zabuwarta a hannu tana jira, wata Bafillatana mai tsumma tana ciki. Matar ta yi tsaki. Rahinatu ta gaishe ta da ladabi, ba ta karɓi zabuwar ba.

Washegari aka yini ana ruwa. Bayan azahar aka kawo wata yarinya a kan babur, tsakanin maza biyu, kanta na lilo. Ta daɗe tana naƙuda a gida. Ɗan ya riga ya mutu a ciki, jini na zuba. Rahinatu ta shiga da ita. Na riƙe mata ledar ruwan da ta ɗaura, don ba wanda zai riƙe. Ta yi duk abin da hannu ke yi. Abin da ya rage sai ƙarin jini da fiɗa, su kuma suna hayin kogi. Kogi ya hau, mai kwalekwale ya ce ko uwarsa ce ba zai shiga ba. Kafin la'asar yarinyar ta cika.

Danginta Musulmi ne, tsohuwar da ke musu wankan gawa tana can hayi. Na ce a ba ni ruwa da sabulu. Da na kwance ɗankwalinta sai na ga tsakar kan babu gashi, fatar ta yi kanta. Kwanon kayayo ne. Wataƙila ta taɓa ɗaukar mini kaya a Kejetia na yi mata ciniki.

Na sami Rahinatu a bayan ɗaki tana wanke ledar gado.

"Kin gani da idonki. In ke ce fa?"

"In ni ce, ni ce, Mma."

"Kar ki yi mini wa'azi. Na wanke uwarki. Ba zan wanke ki ba."

Ta matse ledar, ta shanya. "Tun da na zo nake bin matan nan gida-gida, ina cewa su zo su haihu a gadon nan, su zo da wuri. Da wannan ta zo jiya da safe, da na tsallakar da ita. In nawa ya zo na gudu Kumasi, me na gaya musu? Cewa gadon na talaka ne. Ba mai sake zuwa."

"Wa zai karɓi taki haihuwar?"

"Za a turo wata in lokaci ya yi. In na ga alamar da ba ta yi mini ba, zan tsallaka Walewale, inda nake tura su. Ba zan wuce nan ba."

"In ruwa ya hana?"

Ta zubar da ruwan wankin, ta koma ciki.

Na juya kan mijin. Ya sunkuyar da kai. "Mma, na yi magana har bakina ya gaji. Ke kika raine ta." Abokiyata ta ce, "Ai taurin kan nan mun san gidan da aka samo shi." Ban yi dariya ba.

Da ruwa ya ja muka tsallako, mu biyu kamar yadda muka je. Hanyar dawowa ban ga komai ba. Ko doyar Kintampo ban ci ba. Muka iso Zango da yamma, tsofaffi a zaure suna leƙen bayana, suna tambaya ina mai cikin. Wata ta ce abin kunya ne 'yar gida ta yi haihuwar fari a daji. Na ce kunyar ta zo ta same ni a ɗaki.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Na ɗauka mun yi karatun nan ne don ta tsira daga abin da ya kashe uwarta. Ashe ita ta yi ne don ta je inda yake ta zauna. Ban yarda da ita ba har yanzu. Amma na tsaya kusa da ita a ɗakin nan, na ga hannunta bai yi rawa ba.

Tunda ba za ta zo gida ba, gida zai je. Na sayi babbar tukunyar wankan jego a Kejetia, da kanwa da kayan yaji. Na sa wani kafinta a unguwar Anloga ya yi mini 'yar kujera ta zaman wanka. Ranar Asabar zan koma, sai an yi arba'in. Abokiyata tana taya ni ɗaure kaya, ta kawo yadin fari na likkafani ta ce in sa a ƙasan jaka, ko don wata, tunda can babu. Gaskiya ta faɗa. Na ce ta mayar.