Ka Zo Ɗinya Na Nuna

Kakata Iya ba ta san watannin Bature ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Da abin da ya nuna a daji take lissafi. A wurinta ni da kanya aka haife ni, yayana Sule kuwa da faɗuwar mangwaro.

Bayan isha'i mukan kewaye ta a bakin murhu, tana tura mana dankali cikin toka. Da ta ce, "Ku matso, tatsuniya ta iso," sai kowa ya yi tsit. Akwai tatsuniyar wata makwaɗaiciya da ta yi ta roƙon bishiyar ɗinya ta riƙa 'ya'ya kullum. Bishiya ta amsa. Matar ta sha ɗinya rani da damina har ta daina duban sama. Shuka ta wuce ta, girbi ya wuce ta, tana gindin bishiya tana tsotsa. Mu dai dariya muke yi.

"Ku yi ta yi, ja'irai," in ji Iya. "Ita ma da dariya ta fara."

Shekarata shida a Riyad ina tuƙa wani Balarabe, ɗakinmu a unguwar Manfuha. A shagon ƙasan gidanmu akwai mangwaro har lokacin sanyi, kankana kowane wata, tumatir bai taɓa yankewa ba. Na saba, har ina yi wa Sule alfahari.

Da jikin Iya ya yi tsanani, Sule ya kara mata waya a kunne.

"Ɗan nan, ka zo ɗinya na nuna. Kada ka wuce haka."

Na ce to. Na nemi hutu wurin kafil, wato Balaraben da nake tuƙawa, ya ce sai Disamba, na yi godiya. Wallahi a zatona na yi daidai. Ban tambayi kowa ba, kunya ta hana ni cewa na manta lokacin ɗinya. Ashe tun ƙarshen damina take nuna.

Saura sati biyar in tashi, ina jiran maigida a mota a unguwar Ulaisha, Sule ya kira.

"Sai haƙuri, an kai Iya ɗazu. Kullum sai ta sa yara su duba ɗinyar bayan gida. Ranar da suka ce ta ƙare, ba ta sake tambayarka ba."

Na kifa kai a sitiyari na yi kuka kamar yaro. Har yau abin yana ci mini rai. Ta faɗa mini ranar da za ta iya jira, da bakinta, a fili. Ni ne na zauna a garin da komai ba ya ƙarewa, har na ɗauka ita ma haka take.