Cokalin da Kaka Ke Kira Rikordo

Ƙamshin ciyawar da aka nome bayan ruwan farko yakan dawo mini da kakata, wadda ta haifi mahaifiyata. Ka san irin tsofaffin nan marasa yawan magana? To, haka take.

A cikin kwallarta akwai wani ɗan cokali na azurfa, naɗe a ƙyalle. Ba a cin abinci da shi. Rikordo take kiransa, mu kuma jikoki muka ɗauka sunan irin cokalin ke nan.

Da ƙuruciyarta, daga wajen Garatu take ɗauko nono zuwa cikin Minna. Lokacin akwai Turawan Italiya masu aikin hanya, matar ɗayansu kuwa kullum takan sayi madara a wajenta saboda ɗanta da ta yaye. Babu mai jin harshen wata, da hannu da dariya suke hira. Wata damina zazzaɓi ya ɗauke yaron, aka binne shi a bayan gidajensu, gindin wani mangwaro. Ranar da za su koma ƙasarsu, matar ta damƙa wa kaka cokalinsa, ta nuna kabarin, ta faɗi kalmar nan, rikordo, tana kuka.

Tun daga nan, duk damina sai kaka ta ɗauki fartanya ta je ta nome wurin. Da na yi wayo nakan bi ta. Kakana bai taɓa son tafiyar ba.

"Ke da kabarin ɗan wasu, me ya haɗa ku?"

"Malam, nonon shanuna ya sha. Uwarsa kuma ba ta kusa."

Bayan rasuwarta cokalin ya dawo hannuna. Bara 'yata ta duba kalmar a waya, ta ce da Italiyanci ricordo abin tunawa ne, kyautar da ake bar wa mutum don kada ya manta. Kuma idan mutum ya faɗe ta game da kansa, yana nufin "ina tunawa". Kaka ta rasu ba wanda ya fassara mata, amma ban ga abin da ta rage ba.

Na hau keke napep na je neman wurin. Shaguna ne yanzu da wani gidan sama, mangwaron ma babu. Wani mai walda ya tambaye ni, "Hajiya, wa kike nema?"

Na buɗe baki, sai na tuna ko sunan yaron ban sani ba. Na ce masa ɗan ƙawar kakata ne, a nan yake da zama.