Ramin Da Inna Zara'u Ta Bari Fayau

Shekara ashirin da biyu Inna Zara'u ta yi tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin garinmu, gabas da Urafane. Ba ta yi lakwal ba, wato boko, amma rabin garin a hannunta muka faɗo, har da ni mai wannan surutu. Mace ce gajera mai faɗa, ko maigari ba ya shiga ɗakinta da takalmi.

Bana aka aiko cewa masu auna ingancin asibitoci za su zo daga Maradi. In ɗakin haihuwa ya faɗi, a janye takardar amincewa a rufe shi, mata su koma hawan amalanke zuwa Tasawa da naƙuda.

Majo Iliyasu, shugaban asibitin, ya bi takardar sharuɗɗa layi-layi har ya iso kan ramin zuba mabiyiya. Nan ya tsaya. Shekara huɗu da gina ramin, ko sau ɗaya Inna ba ta jefa komai ciki ba. A nan mabiyiya ba shara ba ce. Wanke ta ake yi, kaka ta kai gida ta binne bayan ɗaki.

"Inna, ki taimake ni," in ji Majo. "Mu samo kayan cikin akuya wajen mahauta mu zuba, su ji wari su wuce."

"Akuya? A ramin 'ya'yan mutane? Majo, ka ji tsoron Allah."

Ranar Laraba suka iso. Shugabarsu, Madam Nabila, ta duba ruwa, ta duba safar hannu, sannan ta sa aka ɗaga murfin ramin. Fayau, sai yanar gizo. Wallahi ina tsaye bakin katanga, da idona na gani.

"Haihuwa arba'in a wata biyu," ta ce. "Ina suke?"

Majo ya buɗe baki, Inna ta riga shi.

"Suna gidajensu, ɗiyata. Ni ke ba su, da hannuna. Shi bai sa ni ba."

Ta ɗauko 'yar tukunya mai murfi, ta nuna yadda take wanke ta da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta kafin ta miƙa. Madam ta daɗe tana rubutu.

Bayan sati uku takarda ta zo. Ɗaki ya tsira, da sharaɗin a yi aiki da rami, a kuma sauya mai karɓar haihuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na je in zazzaga wa Majo, Inna ta tare ni a ƙofa.

"Ɗakin a buɗe yake ko a rufe?"

"A buɗe."

"To, koma gida."

Yanzu kullum tana zaune gindin itacen bedi a ƙofar asibitin, tukwanenta jere a gabanta. Jiya matar ƙanena ta sauka. Sabuwar ungozoma ta fito, ta dubi ramin, ta dubi Inna, sannan ta miƙo hannu a ba ta tukunya.